Idan na'ura ta share 'Yargalma daga allo

A ma'aikatun lafiya da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, shugabanni sun rage karanta dogayen rahotanni. Allo suke dubawa, inda manhajoji irin su Power BI da Tableau, ko DHIS2 da Najeriya ke tara alƙaluman asibitoci a cikinta, ke mayar da dubban lambobi su zama taswira da zane. Kafin a kai ga zanen kuwa, akwai ma'aikacin da ya zauna ya tace bayanan, ya yanke wanda zai shiga da wanda za a zubar. Wannan aiki ne ba a cika tambaya a kansa ba.

Mu auna shi da abin da ya faru a 2010, lokacin da likitocin MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Binciken hukumar CDC ta Amurka a 'Yargalma da Dareta ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda.

Na'urar LeadCare II da aka gwada jinin yaran da ita ba ta iya karanta abin da ya haura mikirogiram 65 a kowace desilita. Idan gubar ta wuce haka, sai ta nuna kalma a madadin lamba, kuma jinin mafi yawan yaran ya wuce. To, manhaja idan ta tarar da kalma a layin da aka ce mata na lambobi ne, kuskure take ɗaukarta ko gurbi maras komai. Dannawa ɗaya ta isa a share duk irin waɗannan layuka. Yaran da suka fi kusa da mutuwa su ne za su fice daga lissafi, matsakaicin adadi ya sauko, allo ya yi kyau.

Haka ma ƙasar ƙauyukan. A wasu wurare dalmar da ke cikinta ta zarce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka a lokacin 400 ne. Ɗalibin da muka koya wa jefar da lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta zai ce hannun magatakarda ne ya zame.

Sai sunan garin kansa: wani ya rubuta Yargalma, wani Yar Galma, wani 'Yargalma. A wurin kwamfuta ƙauyuka uku ke nan, kowanne da 'yan gawarwakinsa da ba su kai a tashi hankali ba.

A ganina, duk allon da za a ajiye a gaban kwamishina ya kamata ya faɗi layuka nawa aka cire, da dalili, da sunan wanda ya cire su. Ko da haka akwai giɓin da manhaja ba ta cikewa: adadin nan na 118 ba daga rajistar asibiti ya fito ba, gida-gida aka bi ana tambayar iyaye.