Jirgin Filafilai na Yawon Teku: Tsoho ko Sabo?

Jirgin filafilai na yawo shi ne wanda iska ke turawa, aka kuma yi masa ɗaki a ciki da gadaje da madafa da banɗaki, yadda iyali za su iya yin makonni a kan teku. Galibinsu tsawonsu bai wuce mita 9 zuwa 14 ba. A Turai da Amurka, inda kasuwarsu ta fi ci, mai saye yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu: jirgin da ya shekara 30 ko 40 mai sauƙin kuɗi, ko na zamani mai tsada wanda bai sha wahala ba.

Abin da ya sa tsofaffin suka cika kasuwa shi ne faiba. A 1959 kamfanin Pearson na Amurka ya fito da jirginsa Triton, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa da wannan sinadari, sauran maƙera kuma suka bi sahu. Faiba ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya tsatsa kamar ƙarfe. Ga shi maƙeran wancan zamani sukan zuba shi da kauri, shi ya sa jirage da dama na shekarun 1970 har gobe suna kan ruwa.

Tsohon jirgi yawanci siriri ne, mai nauyi. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan faranti mai nauyin dalma ko ƙarfe, wanda masu jirgi ke kira kil, shi ne ke hana iska kifar da shi. A jirage da yawa na da, wannan faranti haɗe yake da jikin jirgin, allon tuƙi kuma yana da abin da ya tokare shi daga gaba. Irin wannan ƙira tana yanka igiyar ruwa a hankali, ba ta jijjiga mutane sosai. Misalin da aka fi kawowa shi ne Contessa 32 na Ingila. A tseren Fastnet na 1979, jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ayalan, matuƙa 15 daga cikin 'yan tseren suka rasu. A rukunin ƙananan jirage, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, wani Contessa 32 mai suna Assent. Sai dai wannan natsuwa tana da farashinta. Cikinsa matsattse ne kuma da duhu, ba ya sauri idan iska ta yi sanyi, kuma ja da baya da shi a cunkoson tasha aiki ne ja.

Jiragen zamani irin na Beneteau da Jeanneau na Faransa ko Bavaria na Jamus sun fi faɗi, musamman ta baya, ba su da nauyi sosai. Akwai haske a ciki, ɗakunan kwana biyu ko uku, mutum ya miƙe tsaye ba tare da ya sunkuya ba. Suna da sauri, kuma mutum biyu sun isa su sarrafa su. Masu cewa ba za su iya babban teku ba sun yi musu rashin adalci, domin irinsu na da yawa cikin ayarin ARC da ke tashi daga Las Palmas duk shekara tun 1986, wanda tun 1990 yake ƙarewa a tsibirin Sen Lusiya, tafiyar mil 2,700 na teku. Tun 1998 kuma dokar Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta wa kowane sabon jirgi ajinsa, daga A na babban teku zuwa D na ruwa mai kwanciya. Rauninsu biyu ne. Da yake ƙasansu a baje yake, sukan buga ruwa da ƙarfi in suna fuskantar igiya. Sannan kil ɗinsu siriri ne, da kusoshi aka ɗaure shi, kuma idan ya taɓa cin karo da dutse, ɓarnar takan ɓuya a ciki. A 2014 kil ɗin jirgin Cheeki Rafiki ya cire a Tekun Atilantika, mutum huɗu suka halaka, binciken wata hukumar Birtaniya kuma ya nuna cewa karon da ya sha yi da ƙasa a baya zai iya zama ya raunana wurin.

Maganar kuɗi ce ta fi yaudarar mutane. Tsohon jirgi tamkar mota ta hannu ne: kuɗin saye daban, kuɗin da zai ci bayan an saya daban. Jikinsa na iya zama garau, amma duk abin da aka ɗora masa yana da wa'adi. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigon filafilai ana sauya su kusan duk shekara 10, kamfanonin inshora ma sukan nemi shaida. Filafilai sukan saki, injin dizal ya gaji, wayoyin lantarki su ci gishiri. Mafi ciwo shi ne rufin jirgin. Yawanci an saka katakon balsa tsakanin faiba biyu, ruwa ya riƙa shiga ta ramukan kusoshi har katakon ya ruɓe, mai tafiya a kai ya ji yana lotsawa. Gyaran wannan kaɗai zai iya haura kuɗin da aka sayi jirgin. Sabon jirgi kuwa yana da garanti, amma darajarsa takan faɗi da sauri a shekarun farko, kuma ba ya zuwa da kayan doguwar tafiya, sai an ƙara kuɗi.

Saboda haka shekarar ƙira ba ita ce ma'auni mai kyau ba. Jirgin 1980 da ya samu mai kula, aka sauya masa inji da wayoyi, ya fi na 2010 da kamfanin haya ya yi ta bai wa baƙi. Wanda zai riƙa fita kwana biyu da iyali a bakin gaɓa, fili da sauƙin tuƙi sun fi masa amfani. Mai niyyar ƙetare teku, kuma hannunsa ya iya gyara, tsohon jirgi mai kyau zai biya masa buƙata.

Ko wanne aka zaɓa, ba a biyan kuɗi sai mai saye ya ɗauko ƙwararren mai duba jirgi, wanda ba ruwansa da dillali. A ciro jirgin daga ruwa, ya bi jikinsa da ƙaramar guduma yana sauraren inda ƙarar ta canza, ya auna danshi da na'ura, ya duba kumburin faiba da mahaɗar kil. Daga nan a fita da shi teku a ta da filafilai, a kunna inji. Abin da rahotonsa ya lissafo shi ake cirewa daga farashi wajen ciniki.