Jiki Magayi: Muhimmancin Gajeren Hutu ga Magidanta

Hausawa na cewa babba juji ne, kuma a yawancin gidajenmu wannan juji shi ne maigida. Shi ne da cefane, shi ne da kuɗin makaranta da na asibiti, shi ne da sasanta rigimar dangi. Malami zai tashi daga aji ya zarce gona ko shago. Ma'aikaci zai bar ofis ya kama wata sana'ar har dare. Irin waɗannan magidanta sun cancanci yabo. Sai dai ilmin halittu ya nuna cewa jiki yana da iyaka, kuma wanda ya hana shi sararawa, wata rana jikin zai karɓi hutunsa da ƙarfin tsiya a kan gadon jinya.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutun nama da ake kira adirinal. Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji, nan take ƙwaƙwalwa za ta aika wa wannan ƙullutu saƙo, ya saki sinadarin adiranalin cikin jini. Sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, sukari ya kwararo domin tsokoki su sami ƙarfin gudu. Bayansa sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo, ya riƙe jiki cikin shiri. Da haɗari ya wuce, sai wasu jijiyoyi su mayar da komai yadda yake.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da bashi. Maciji minti ɗaya ne ya wuce, bashi kuwa sai ya kwana da mutum wata da watanni. A shekarar 1936, Hans Selye na Jami'ar McGill da ke Kanada ya gwada ɓeraye, ya ga cewa matsin da ya daɗe yana bi da jiki ta matakai 3: firgita, sannan jurewa, daga ƙarshe durƙushewa.

A 1974, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana irin wannan durƙushewa a jikin ma'aikata. Muna iya kwatanta ta da fitilar da mai ya ƙare mata, ta koma cin lagwaninta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana alamominta 3: ƙarewar kuzari, jin ƙyamar aiki, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta taƙaita bayaninta ga wurin aiki, amma Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak na ƙasar Beljiyam sun nuna cewa ɗawainiyar 'ya'ya ma tana jawo haka. Binciken da suka jagoranta a ƙasashe 42, wanda ya fito a 2021, ya gano cewa abin ya fi yawa a ƙasashen da ake zaman kowa tasa ta fisshe shi. Wannan abin lura ne ga magidancin da ke zaune a gidan haya a birni, nesa da dangin da za su kama masa.

A gida, alamomin ba ɓoyayyu ba ne: faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yawan mantuwa, tashi daga barci da gajiya, da yara su ji sallamar mahaifinsu su watse.

Me 'yan mintoci za su iya yi?

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarinsa, kuma ba ta iya tsare hankali wuri guda na dogon lokaci. A 1948, Norman Mackworth a Ingila ya sa mutane lura da hannun wani agogo na tsawon awa 2. Bayan rabin awar farko, sai kuskurensu ya ƙaru. A 2022 kuma, wasu masana a Romaniya suka tattara bincike 22, suka ga cewa hutun da bai wuce minti 10 ba yana rage gajiya, yana ƙara kuzari.

Sai kuma ƙailula. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke kawo nauyin ido. Goro da shayi da gahawa ba sa kawar da shi. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu toshe masa hanya kawai yake yi na 'yan awoyi. Barci ne ke rage shi. A farkon shekarun 1990, hukumar NASA ta Amurka ta ba matuƙan jiragen sama damar kishingiɗa ta minti 40. Sun yi barcin kimanin minti 26, kuma sun fi takwarorinsu da ba su runtsa ba kaifin hankali.

Yadda za a yi

Na farko, bayan kowace awa guda ta aiki, a miƙe na minti 5, a taka, a sha ruwa. Duba waya ba hutu ba ne, domin ƙwaƙwalwa na nan tana aiki.

Na biyu, idan rai ya ɓaci, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na minti 2. Sakin numfashi a natse yana sassauta bugun zuciya.

Na uku, ƙailula ta tsaya tsakanin minti 15 zuwa 20, kafin la'asar. Idan ta haura rabin awa, mutum kan faɗa barci mai nauyi ya tashi jiki a mace.

Na huɗu, da dawowa gida, maigida ya zauna minti 10 kafin a kawo masa ƙara ko buƙata.

Amma a sani, gajeren hutu ba ya maye gurbin barcin dare, wanda babba ke buƙatar aƙalla awa 7. Ba ya kuma maye gurbin likita. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, don haka awo ne kaɗai ke tona shi.

Ɗalibai, ku ma kuna da rawar takawa. Idan kuka ga mahaifinku ya kishingiɗa a zaure, ba lalaci ba ne. Jikinsa ne ke gyara kansa. Ku rage hayaniya, ku ɗauke masa aiken da za ku iya, ku jinkirta zancen kuɗin littafi har ya tashi. Malamai kuwa, waɗanda da yawanku magidanta ne, ku fara gwada wannan darasi a kanku kafin ku kai shi aji.