Ranar da laburare ya zama rumbun agaji

Da guguwar Sandy ta afka wa birnin New York na Amurka a ƙarshen Oktoban 2012, ruwan teku ya malale unguwannin Rockaway, wuta ta ɗauke. Laburaren Far Rockaway bai tsaya jiran wuta ba, ya buɗe ƙofa. Nan kusa da kantocin littattafai aka jibge ruwan sha, abincin gwangwani da rigunan sanyi, jama'a na bin layi. Kowa ya san hanyar wurin, ba sai an yi kwatance ba. Ni kam motar littattafan da aka girke a yankin ta fi burge ni: a yi cajin waya, a kira dangi, ma'aikata kuma su nuna yadda ake neman tallafin hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta intanet.