Lambar 2,147,483,647: daga lissafin Euler zuwa agogon kwamfuta

A ilimin lissafi akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Bisa tsarin harɗaɗɗun kalmomi irin su gagara-gasa, ana iya kiran irin wannan lamba gagara-rabawa. Ɗaya daga cikin mafiya shahara ita ce 2,147,483,647, wato miliyar biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai.

Asalinta mai sauƙi ne. Idan aka jera 2 sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1, ita ake samu. Lambobi masu wannan siffa suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya jera su a 1644. Sai dai siffar kaɗai ba ta isa hujja ba. Idan aka yi haka da 2 sau 11 za a sami 2047, wadda ta rabu gida 23 da 89.

Wanda ya tabbatar da lamarin shi ne Leonhard Euler, a shekarar 1772, lokacin da idanunsa suka kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai gwada lambobi miliyar biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Da farko, idan lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya kasance bai wuce saiwarta ba, saiwar wannan kuwa ba ta kai 46,341 ba. Na biyu, Euler ya nuna cewa duk gagara-rabawar da za ta raba wannan lamba, in an raba ta da 248, ragowarta 1 ce ko 63. Da haka lambobin gwaji suka ragu zuwa ƙasa da 400, kuma babu wadda ta raba ta.

A yau muhimmancinta ya koma ga kwamfuta. A tsarin ƙirga na sifiri da ɗaya, ana rubuta ta da 1 guda 31 a jere. Saboda haka ita ce lamba mafi girma da gurbi mai bit 32 yake iya riƙewa, tun da ana ware bit guda don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi.

Nan ne matsalar take. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta cika 2,147,483,647 a ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Daƙiƙa guda bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka cewa tana cikin shekarar 1901. Shi ya sa masana suke mayar da manhajoji kan bit 64 tun kafin ranar ta zo.