Murya Ba Tare da Kalma Ba: Demetrio Stratos da Faifansa na Farko



Na san wasu za su yi mamaki, malamin Hausa ya tsaya gabansu yana zancen mawaƙin rok na ƙasar Italiya. Dalilina shi ne, mutumin nan ya tayar da wata tambaya wadda ta shafi duk wanda sana'arsa nazarin harshe ce, watau shin murya baiwar kalma ce, ko kuwa tana da 'yancin kanta?

An haifi Demetrio Stratos a birnin Iskandariya ta Masar cikin 1945, iyayensa kuwa Girkawa ne. Ke nan tun yana yaro kunnensa ya saba da waƙoƙin cocin Girkawa da kuma kiɗan Larabawa. Bayan rikicin Suwes na 1956 aka tura shi makaranta a tsibirin Saifurus, sa'an nan cikin 1962 ya tafi Milan don koyon zanen gine-gine. Waƙa ta janye shi. Ya fara suna tare da ƙungiyar I Ribelli, daga bisani cikin 1972 shi da makaɗin ganga Giulio Capiozzo da wasu suka kafa ƙungiyar Area, wadda ta gauraya rok da jaz da kaɗe-kaɗen gabashin Bahar Rum, ta kuma tsunduma cikin siyasar 'yan gurguzu ta wancan zamani. Faifansu na farko, na 1973, da muryar wata mace ya buɗe, tana karanta baitoci da Larabci.

To, al'adar mawaƙin da ya yi suna cikin ƙungiya ita ce, in ya tashi yin faifan kansa, sai ya tara makaɗa ƙwararru, ya zaɓi waƙoƙin da za su shiga kasuwa, ya nuna wa duniya cewa da ma shi ne ginshiƙin. Stratos bai bi wannan hanya ba. Faifan da kamfanin Cramps ya fitar masa cikin 1976, mai suna Metrodora, kusan duk abin da ke cikinsa muryarsa ce tsura, kuma galibinsa babu kalmar da za ka kama ka ce ga ma'anarta. Sai nishi, da gurnani, da fito, da wani sauti mai kama da kukan makoki. Makokin ba daga sama ya faɗo ba: akwai sassa biyu da ya kira Mirologhi, sunan waƙoƙin juyayin mamaci na Girkawa, na farkonsu kuwa ya jingina shi ga yankin Epirus. Sunan faifan kansa na wata likita ce Bagirkiya ta zamanin da, wadda ta rubuta littafi kan cututtukan mata, ana kuma ajiye da kwafinsa a wani ɗakin karatu na birnin Fulorans.

Me ya kai shi ga haka? 'Yarsa ce. An haife ta cikin 1970, ya zauna yana sauraron gwarancinta, ya lura cewa jariri yana wasa da sautuka iri-iri waɗanda babba ba ya iya yi, amma da zarar ya fara magana sai su zube ɗaya bayan ɗaya, a bar shi da 'yan ƙalilan da harshen uwarsa yake bukata. Wannan gaskiya ce da duk ɗalibin ilmin furuci ya sani. Abin da Stratos ya ƙara shi ne, ya ɗauki abin a matsayin hasara, ya kuma ƙudura sai ya ƙwato abin da aka rasa.

Bari in ɗan tsaya kan dabararsa mafi shahara, watau fitar da sauti biyu a lokaci guda daga maƙogwaro ɗaya. Ba tsafi ba ne. Duk lokacin da tantanin maƙwallato ya kaɗa, ba sauti ɗaya yake haifarwa ba. Akwai na tushe, akwai kuma 'ya'yansa sirara da ke bisansa, sai dai kunne ya saba haɗe su ya ji abu guda. In mutum ya iya sarrafa harshe da leɓɓa da kogon baki, yana iya ƙarfafa ɗaya daga cikin 'ya'yan nan har ya fito fili kamar fito, na tushen kuma yana nan yana ruri a ƙasa. Mutanen Tuba da Mongoliya sun daɗe suna yin haka. Masana furuci na birnin Paduwa, irin su Franco Ferrero, sun auna muryar Stratos da na'ura, aka ruwaito ta kai kaɗawa 7,000 cikin daƙiƙa ɗaya, alhali maganar namiji ta yau da kullum ba ta wuce ɗari da 'yan kai.

Ni dai ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Yaro bai zubar da sautukan nan a banza ba. Musaya ya yi, ya ba da yalwa ya karɓi ma'ana. Kuma mu da harshenmu yake rarrabe kalmomi da karin sauti, mun san murya ba ta mutuwa cikin kalma, aiki take yi a cikinta. Amma fa na saurari kukan Epirus ɗin nan, ban ji kalma ko ɗaya da na sani ba, duk da haka na gane an yi rashi. Wannan kam hujja ce a gare shi, ban kuma sami yadda zan ture ta ba.

Faifan ba mai daɗin sauraro ba ne, kada wani ya saya ya ce na yaudare shi. Cikin 1978 Stratos ya fitar da na biyu, Cantare la voce, ya bar Area, ya yi aiki da John Cage na Amurka. Sai ciwo ya kama shi, ɓargonsa ya daina samar da jini. Abokansa suka shirya gagarumin wasa a Milan ranar 14 ga Yuni 1979 don tara kuɗin maganinsa. Ranar 13 ya rasu a wani asibiti na birnin Niyok, yana da shekara 34. Ba a fasa wasan ba, dubban mutane suka cika filin, aka mai da shi zaman makoki.