Ciwon gwiwa: Abin da ya fi ƙwaya amfani ga tsoffin sojoji

A Ikara, Makarfi da Kudan, tsohon soja ba ya ɓuya. Ko ya shekara 70, kafaɗarsa a miƙe take. Sai an zo tashi daga sujada ko hawa babur ake gane cewa gwiwa ta gaji.

Da yawa sun samu horo ne a Depot na Zariya. Wasu sun yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wasu sun je Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG. Gudu da kaya a baya, tsalle, da tsohon rauni, duk suna barin tabo a gwiwa. Bayan ajiye kaki kuma sai aikin gonar rake da tumatir ya ɗora nasa.

Mene ne ciwon?

Mutane na kiransa amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. Guringuntsin da ke rufe bakin ƙasusuwan gwiwa ne ke zaizayewa a hankali, sai ciwo, kumburi da ƙagewa su biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ciwon, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ne.

Motsa jiki ne kan gaba

Mai ciwon gwiwa yakan ɗauka hutu ne magani. Amma zama wuri ɗaya yana raunana naman cinya, shi kuwa shi ne ke tallafar gwiwa. Ƙa'idojin da ma'aikatun tsaro da na tsoffin sojojin Amurka suka fitar a 2020, da na hukumar NICE ta Ingila a 2022, duk sun sanya motsa jiki da rage ƙiba cikin manyan hanyoyin magani.

Ba sai an sayi na'ura ba. Zauna kan kujera, miƙe ƙafa, riƙe ta daƙiƙa biyar, sauke, sau goma kowace ƙafa. Tashi daga kujera ka koma. Yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ko ka hau keke. Ciwon kan ɗan ƙaru a farko, sauƙi kuma sai bayan makonni. Kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage na sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Hattara da ƙwayoyin kemis

Nan ne hatsarin yake. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su kullum na iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini, musamman ga dattijo. Shi ya sa likitoci suka fi son a fara da na shafawa. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna kan ƙunshi dexamethasone, mai tayar da suga da raunana ƙashi. Tramadol kuwa yana kama jiki. Allurar gwiwa ma sauƙinta na ɗan lokaci ne.

Ina za a je?

A fara da babban asibiti mafi kusa, a auna jini da suga. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen gashi da na ƙashi. Akwai Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai karɓar fanshon soja ya tambayi ofishin Nigerian Legion game da rajistar inshorar lafiya ta DHML.

Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tare da zazzaɓi, kada a kwana a gida. Iyali kuma su samar wa Baba sanda da kujerar banɗaki, jikoki su raka shi tattakin yamma.