Jirgin Ruwa Jinka Ya Ke So, Ba Ƙunshi Ba

Wataƙila wani zai ce, ina ruwan shafin manoma da jirgin ruwa, wannan ai maganar Sarkawa ce? To, mai faɗin haka bai taɓa sauka bakin kogin Yawuri ran kasuwa ba. Manomin da gonarsa ta ke ƙetaren Kwara, ko cikin gungu, ko a fadamun Haɗeja da Nguru, kwale-kwale shi ne jakinsa. Da shi ya ke kai taki da iri, da shi ya ke kwaso shinkafa da albasa, cikinsa kuma a ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Ga shi kuwa manyan itatuwan da a ke sassaƙa jirgi da su, watau su maɗaci da maje da rimi, sun yi wuyar samu, katako kuma ya yi tsada. Wanda ya bar jirginsa ya lalace bana, ba lalle ne ya iya yin wani baɗi ba.

Ba hasarar dukiya kaɗai ba ce. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tsage a tsakiyar Kwara kusa da Warra ta ƙasar Ngaski, mutane masu yawa suka halaka. Hukuma ta ce an cika shi fiye da ƙima, ta kuma ce jirgin ya tsufa. Maganar lodi ta hukuma ce da matuƙa. Amma tsufan jirgi da wuri, yawanci daga wurin ajiya ya ke farawa, kuma wannan shi ne abin da mu ke so mu duba yau.

Abin Da Ke Cin Katako

Galibin mutane sun ɗauka ruwa ne ke ruɓar da itace. Ba haka ba ne sosai. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna na Jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani katako. Da masana suka tono shi a 1994, ashe kwale-kwale ne, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. Duk wannan zamani yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta kai gare shi, bai kuwa ruɓe ba. Haka kuma busasshen itace ba ya ruɓewa. Dubi allon karatu da a ke gado kaka da kakanni, yana rataye a zaure, ba abin da ya same shi.

Mai ɓarnar ita ce fumfuna da 'yan'uwanta. Wani irin tsiro ne dangin naman kaza, irinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska kamar ƙura. Abu uku ta ke so kafin ta tsiro: danshi, da ɗumi, da 'yar iska kaɗan. Ɗumi dai ba mu da yadda za mu yi da shi a ƙasarmu. Iskar da ta ke bukata kuma kaɗan ce, ba ka iya hana ta sai ka nutsar da jirgin ɗungum. Saura danshi, shi ne a hannunka. Masana itace sun tabbatar kadan ruwan da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta kama shi. Abin da ke korar danshi kuwa shi ne iska mai kaɗawa, mai shiga ta nan ta fita ta can.

Fumfuna iri biyu ce a wurin mai jirgi. Akwai ta bisa, mai yin baƙi-baƙi ko kore-kore da warin gumi. Ita ba ta rage ƙarfin katako, amma 'yar aike ce, tana gaya maka wurin ya jiƙe ya daɗe. Akwai kuma mai shiga ciki ta cinye ƙarfin itacen, ka ga katako daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama kamar soso. In kana so ka gane, ɗauki ƙusa ko tsinin wuƙa ka bi gindin jirgin kana tsokana, musamman lungunan da ruwa ke kwanciya da ƙarƙashin wurin zama. Inda ƙusa ta shige kamar cikin kabewa, nan ya mutu. Fenti ba ya rayar da shi, sai a yanke a sa sabo.

Rana kuma nata aikin dabam ne. Itace in ya sha ruwa ya kan kumbura, in ya bushe ya motse, kuma ta faɗinsa ya ke motsewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Kadan aka jawo jirgi daga ruwa aka bar shi a fili, bayansa ya bushe da sauri, cikin naman itacen kuwa da sauran ruwa. Na waje yana ja, na ciki ya ƙi, sai ya tsage. Goshin jirgi da wutsiyarsa su ke fara tsagewa, domin ta nan ne bakin jijiyoyin itace su ke, ta nan ruwa ya fi saurin fita. Hunturu ya fi bazara mugunta a wannan, don iskarsa busasshiya ce ƙwarai. Sa'an nan damina ta zo, ruwa ya shiga tsagar ya zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda A Ke Rufewa

Kuskuren da ya fi yawa ba na malalata ba ne, na masu ƙoƙari ne. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo tamfol ko baƙar leda, ya naɗe jirgi kaf kamar ƙunshin goro, ya ɗaure tamau, ya tafi yana murna. Alhali jirgin da sauran danshi a jikinsa, ƙasa kuma tana fid da nata. Da rana zafi ya mai da danshin tururi, da dare ledar ta yi sanyi, tururin ya koma raɓa yana ɗiga bisa katako. Gobe haka, jibi haka. Ai goro ma don kada ya bushe a ke ƙunshe shi. Mai wannan aiki ya gina wa fumfuna ɗaki ne da kuɗinsa, mu a ganinmu gara ma wanda ya bar nasa a gindin itace ba rufi.

Rufi na ƙwarai shi ne wanda ya yi kama da jinkar ɗaki: ruwa ya zuba ya gangare, rana ba ta taɓa katako, iska kuma tana ratsawa. Da farko a kwashe ruwa da laka da ɓawon albasa da ƙayar kifi, a wanke jirgin da sabulu da buroshi, a bar shi ya sha iska a inuwa 'yan kwanaki. Kada a shanya shi a rana don gaggawa. In ya bushe a shafa wa goshi da wutsiya kwalta ko fenti mai kauri, a toshe ƙananan tsaga da auduga da kwalta. Amma kada a shafa kome bisa jiƙaƙƙen katako, domin rufe ruwan za ka yi a ciki. Waɗansu su kan shafa baƙin man mota. Ba mu goyi bayan wannan ba, don ya kan ɓata hatsi da kifin da aka ɗauko, ya kuma ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Sa'an nan a ɗora jirgin bisa duwatsu ko gungumen ƙirya, ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya. Wannan saboda danshin ƙasa ne da kuma gara. Matokaran su zama uku ko huɗu, a daidaita su, gama dogon jirgi in aka tokare shi a baki biyu kaɗai, cikinsa ya kan lanƙwashe kafin shekara ta kewayo. In ƙarami ne a kife shi, shi ya fi sauƙi. In babba ne wanda ba ya kifuwa, a kafa sanduna masu gwafa gaba da baya da tsakiya, a gitta doguwar gwangwala bisansu, ta ɗara bakin jirgin da kamu ɗaya ko fiye, kāna a yafa tamfol ko zana a kanta, ta sauko ta kowane gefe kamar tanti. A ɗaure gefen da igiya a turaku, a ja shi ya miƙe don kada ya yi aljihu ya tara ruwa. Gaba da baya a bar su a buɗe. Abin lura shi ne rufin kada ya kwanta a jikin katako, a bar tsakani ko da taƙi ɗaya ne.

Maganar tara ruwa ba ƙarama ba ce, bari mu yi lissafi. Jirgi mai tsawon mita 9 da faɗin mita 1, in aka yi ruwan inci ɗaya, zai tara wajen lita 200, watau garwa goma sha ɗaya, nauyin buhu biyu na hatsi ke nan. A watan Agusta kuwa ruwan dare ɗaya ya kan wuce haka. Jirgin da ke bisa matokarai in ya ɗauki wannan nauyi, ɗinkinsa ya kan buɗe. In an bar ruwan ya kwana bakwai zuwa goma, sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, ka ga mai jirgi ya noma wa iyalinsa zazzaɓi.

Wanne ya fi, tamfol ko zana? In don ajiyar rani ne, zanar gamba ko asabari sun fi, ga araha, ga sanyi, ga shan iska. In damina ce, jinkar shuci mai kauri ko tamfol. Leda da buhunan taki da a ke ɗinkewa ba su daɗewa, rana ta kan cinye su su yi ta marmashewa. Wanda ya yi rumfar ciyawa kuwa lalle ya share kewayenta da kyau, domin gobarar daji ba ta tambayar mai jirgi. Gindin mangwaro ko dalbejiya akwai inuwa, amma ganye da kashin tsuntsu su kan taru su riƙe danshi, don haka sai a riƙa sharewa. Kowane mako a leƙa ƙarƙashi a duba hanyar gara, a leƙa da sanda tukuna, maciji ma yana son irin wannan wuri.

Akwai wata dabara ta masunta wadda ta dace da labarin Dufuna. Inda akwai gurbi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, a kan cika jirgi da duwatsu a nutsar da shi har rani ya wuce. Dabara ce mai kyau ga jirgin sassaƙa, sai dai a tabbata duka ya nutse. In rabi yana ciki rabi yana waje, daidai inda ruwa ya tsaya nan zai ruɓe. Mutanen Kwara ba su cika bukatar wannan ba, gama kogin ya kan kawo ruwa sau biyu, na damina da kuma wanda ke isowa da hunturu daga ƙasashen Gini da Mali, jirginsu kusan kullum yana aiki. Mutanen Rima da Haɗeja da Gongola, waɗanda ruwansu ke janyewa wata da watanni, su maganar ajiya ta fi shafa.

'Yan kasuwa ma su ɗauki nasu. Abin da leda ke yi wa jirgi shi ta ke yi wa kayan da ke ciki. Albasa ko bandar kifi ko gyaɗa in aka danne su da leda cikin rana, gumi za su yi. A shimfiɗa kara ko gwangwala a gindin jirgi kafin a jera buhuna, rufin kuma a ɗaga shi bisa sanda. Gyaɗa da masara masu fumfuna ba abin wasa ba ne, akwai dafi a cikinsu mai lalata hanta. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin ƙuli-ƙulin gyaɗa irin wannan, daga nan ne aka gano dafin.

Sa'ad da ruwa ya dawo, kada a jawo jirgi daga rumfa a zuba masa mutane ran nan. Ya motse, ɗinkinsa ya saki. A tura shi bakin ruwa inda ba zurfi, a bar shi kwana biyu ko uku ya sha ya kumbura, a kwashe ruwan, a sake bin gindinsa da ƙusa. Sa'an nan a gwada shi da buhunan yashi kusa da gaɓa, a ga inda ya ke yoyo a toshe. Bayan wannan ne za a ɗauki fasinja.